Abin da Na Faɗa wa Hosea

Luggere, Jimeta
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga matata Fibi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Guyuk, yaya jinyar Mama? Direban da ya kawo mini gyaɗar da kika aiko ya ce ta fara zama da kanta a bakin gado. Na gode wa Allah. Ki gaya mata surukinta yana gaishe ta, kuma kada ta yi gaggawar taka ƙafar nan tun ƙashin bai gama haɗuwa ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Da rana ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin mangwaro.

Na yi ta neman layinki ba ya shiga. Ko da ya shiga ma, maganar da ke cina ba ta waya ba ce, balle kina tsaye a kan tudun bayan coci kina ɗaga murya kowa yana ji. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar ɗanmu Eli ce. Jiya bayan sujada aka ce an kama yaron gidan da ke kusa da famfo, wanda ya sayi mota bara. Wai ɗan yahu ne, yana damfarar mutane ta intanet. Muna tsaye da dattawa a inuwa sai wani ya ce, yaran yanzu duk wanda ka ga ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta, kuma daga ƙasar waje ake biyansa, to a bincika. Bai kama suna ba. Amma babu wanda ya dubi inda nake, kuma da sun dube ni da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo na shiga ɗakinsa na ce ya gaya mini aikin da yake yi, da Hausa, ba da Turancinsu ba. Ya ce akwai wata manhaja da ake kira kompaila. Mutum zai rubuta umarninsa, ita kuma ta juya shi zuwa yaren da na'ura take ganewa. Don a tabbata ba ta juya da kuskure ba, an tara mata gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa, kamar jarrabawa. Kamfanin da yake wa aiki suna ƙera wata ƙaramar na'ura da ba ta fito ba tukuna, saboda haka ake yin gwajin a kan wata manhaja mai kwaikwayon na'urar. Sunanta simuleta. Ita wannan mai kwaikwayon ba komai ta iya ba. To shi aikinsa ya bi gwaje-gwajen da aka faɗi, ya sa wa wasu alama a riƙa tsallake su.

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ce, wato in an faɗi tambaya sai ka cire ta daga takarda don sakamako ya fito da kyau? Ya yi dariya ya ce ba haka ba ne, ya jawo mini kujera wai in zauna ya nuna mini. Dariyar ce ta ɓata mini rai. Na juya na fita.

Fibi, kin san ni. A aji na tsufa. Ina hedimasta na sallami malami saboda ya raɗa wa yara amsa, har danginsa suka daina gaishe ni a kasuwa. Yau a ce a cikin gidana ake biyan mutum ya ɓoye faɗuwa? Na kasa cin tuwo. Ina jin ƙarar madannan kwamfutarsa ta bango, ina jin kamar maƙwabta ma suna ji.

Ga shi kuma Hosea, mahaifin Keturah da Eli zai aura, ya aiko cewa zai zo ranar Asabar shi da ƙaninsa, mu tattauna kafin a sa ranar auren yaran. Na san zai tambayi sana'ar ango. Ban san abin da zan ce masa ba. Ki sa mu a addu'a.

Ki gai da Mama da mutanen gida duka.

Naki,
Apollos

Luggere, Jimeta
11 ga Maris, 2024

Fibi,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, Mama kuma tana samun sauƙi. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, don gara ki ji daga gare ni kafin matan zumunta su kai miki.

Hosea ya zo da ƙaninsa kamar yadda ya ce. Muka zauna a baranda. Eli ya fito ya durƙusa ya gaishe su, ya koma ciki kawo musu zoɓo. Muka taɓa hirar zafi da tsadar mai, da yadda Binuwai ta janye bana har yara suna ƙwallo a kan yashi. Can sai Hosea ya gyara zama ya ce, “Malam Apollos, yaron nan mene ne aikinsa takamaimai? Muna so mu ji daga bakin uba.”

Da na ce injiniyan kwamfuta ne da magana ta ƙare. Amma sai na ga kamar in na faɗi haka na shiga cikin abin, na zama mai rufa masa. Na ce gaskiya ban san aikin ba. Na ce iyakar abin da na fahimta, ana biyansa ne ya ɓoye inda aka faɗi gwaji, kuma ba zan iya dafa Littafi in ce musu aiki ne mai tsabta ba. Na ƙara da cewa ba na so wata rana su ce na cuce su da 'yarsu.

Ban san yana tsaye a bakin ƙofa da tire ba. Ya ƙaraso ya ajiye, ya zuba wa Hosea, ya zuba wa ƙaninsa, ya zuba mini. Ko ɗigo bai zubar ba. Ya ce a sha lafiya, ya koma ciki. Hosea ya daɗe yana juya kofi a hannu, sannan ya ce, to, bari a ɗan dakata da maganar rana. Ba su shanye zoɓon ba suka tashi.

Jiya da safe ina shirin coci ya fito da jaka da kwamfutarsa. Ya ce zai koma Yola, gidan su Umair a Adarawo, abokin nan nasa da suka yi jami'a tare kuma suke aiki wuri ɗaya. Wai suna da sola, aikin zai fi tafiya. Na ce in yana da gaskiya me zai sa ya gudu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba, na ja maka kujera ka ƙi zama.” Ya tare keke ya tafi.

A coci Keturah tana cikin mawaƙa. Da aka tashi ta zo ta rusuna ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi jikin Mama. Idanunta sun kumbura. Da ta wuce ni ba gaisuwa da na san yadda zan yi da fuskata. Kuma maganar ta riga ta fita, ina jin daga wajen ƙanin Hosea. Mutumin da ya yi zancen 'yan yahu ranar nan ya zo ya riƙe hannuna ya ce ya jinjina mini, ba kowane uba ne zai iya ba. Tun da ya faɗi haka nake jin kamar na taka wani abu a hanya na shigo da shi gida.

Har yanzu ina gaya wa kaina gaskiya na faɗa, abin da na sani ke nan. Ki gaya mini ko ba haka ba ne.

Mijinki,
Apollos

Luggere, Jimeta
22 ga Maris, 2024

Zuwa ga Fibi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Mama ta taka har bakin ƙofa da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarki ta iso. Ba ki yi mini faɗa ba, kuma da faɗan kika yi da na samu abin mayarwa. Kin ce tun da kika aure ni ba ki taɓa ganin na ba yaro sifili ba sai na karanta takardarsa har ƙarshe, ko da rubutun kamar tsutsa ne. Kin ce ɗan wani na yi wa haka, nawa ban yi masa ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, washegari na hau keke zuwa Yola.

Sai da na yi tambaya kafin na gane gidan. Mahaifiyar Umair ce ta tare ni, kowa Adda yake ce mata. Ta ce jabbama, wato sannu da zuwa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa mai sanyi alhali suna azumi. Ta ce ɗana ba ya da matsala sai guda ɗaya: tana dafa masa abincin rana yana ƙi, wai sai an sha ruwa ya ci tare da su. Ta roƙe ni in yi masa magana, kada ya rame a hannunta mahaifiyarsa ta ga laifinta. Ba ta tambaye ni dalilin zuwansa gidanta ba. Ban sani ba ko ta sani. Na sha ruwan kaina a ƙasa.

Na same shi a ɗakin zaure, shi da Umair kowa da kwamfutarsa. Umair ya gaishe ni ya ba mu wuri. Na ce wa Eli na zo in ga aikin. Ya matsa gefe, na zauna.

Bari in gaya miki yadda na gane shi, in na yi kuskure ya gyara miki. Ya buɗe wani gwaji da aka faɗi. Gwajin yana so na'ura ta yi ayyuka biyu a lokaci guda, ita kuwa simuletar aiki ɗaya take iya riƙewa. Ke nan ba kompailar ce ta yi kuskure ba, wurin gwajin ne ba shi da kayan. Wani gwajin kuma yana so a rubuta abu a ajiye a sake buɗewa, simuletar ba ta da ma'ajiya. Abin da Eli yake yi, ya rubuta layi guda a saman gwajin: wannan yana bukatar abu kaza, in babu shi a tsallake. Ba ya goge gwajin. Ranar da aka kai shi kan na'urar da ke da abin, zai gudana yadda aka tsara. A sakamako kuma ba a rubuta an ci. Ana rubuta ba a yi ba, ga dalili. Na tuna shekarun da makarantarmu ba ta da ɗakin kimiyya. Ba ma ba yara maki a gwajin da ba su yi ba, ba ma kuma rubuta musu faɗuwa.

Na tambaye shi me ya sa ba za a bar su haka ba, tunda an san dalili. Ya ce in faɗuwar banza ta cika shafi, ta gaskiya sai ta ɓuya a ciki, kowa ya saba da ganin ja ya daina dubawa. Ya nuna mini wani gwaji na raba manyan lambobi. Ya ce ya daɗe a kansa, don da farko ya ɗauka laifin simuleta ne, ashe kompailar ce take ba da amsar da ba daidai ba. Wannan bai sa masa alama ba. Ya bar shi ja, ya kai rahoto, ana gyarawa. Ya ce rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin, rubuta layin ba wuya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Muna zaune saƙo ya shigo daga wata mata a ƙasar waje, wadda take duba aikinsa kafin a karɓa. Ta dawo masa da gyara ɗaya. Ta ce ya sa a tsallake wani gwaji alhali sabuwar simuletar ta iya abin da gwajin yake nema. Eli ya karanta mini ya ce, “Ta kama ni.” Fibi, daɗi na ji. Zuciyata ta ce, ka gani, ashe dai yana ɓoyewa. Ina zaune kusa da ɗana, na zo neman sulhu, amma ina murna an same shi da laifi don in fita kunyar Hosea. Abin bai daɗe ba ya wuce, amma na ji shi, kuma na san daga ina ya fito.

Shi kuwa ya ɗauko sabuwar simuletar ya gwada, ya ga matar tana da gaskiya. Ya cire alamar, ya rubuta mata cewa kuskurensa ne, da tsohuwar ya yi aiki, ya gode. Na ce, wa zai ga wannan amsar? Ya ce duk mai so, a fili ake yi, ko ni in na shiga zan karanta. Ya gangara da shafin ya nuna mini ayyukansa na baya, kowanne da dalilinsa da sunan wanda ya duba. A saman kowanne an rubuta Eli Apollos. Sunana yana wurin tun tuni, ban sani ba.

Na ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce, “Ba komai, Baba.” Idonsa yana kan allo ya faɗa. Ya raka ni har titi, ya tare mini keke, ya gaya wa mai keken ya bi da ni a hankali. Ban ce ya dawo gida ba, don na ga ba ni da bakin faɗa.

Gobe zan je wajen Hosea. Ki gai da Mama.

Naki kullum,
Apollos

Luggere, Jimeta
8 ga Afrilu, 2024

Matata Fibi,

Barka da Ista, ko da ta wuce. Da fatan kun yi ta lafiya. Tawa ni kaɗai na yi, maƙwabta suka aiko mini da shinkafa. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, na so abubuwa su tsaya kafin in rubuta.

Na je gidan Hosea a Bekaji. Duk hanya ina bitar bayanin kompaila da simuleta kamar zan shiga aji. Na fara ke nan ya ɗaga mini hannu. Ya ce Keturah ta yi masa wannan bayanin tun bara, har ta nuna masa shafin a wayarta, kuma shi bai taɓa shakkar yaron ba. Ya ce, “Ba bincike na zo ba ran nan. Na zo ne da ƙanina don ya ji uba ya yabi ɗansa, mu sa rana mu tashi.” Ya ce abin da ya sa ya dakatar, ya tsaya tunanin wane irin gida zai kai 'yarsa, inda za a iya faɗin haka a kan mutum yana tsaye da tire. Ban kare kaina ba. Na ce yana da gaskiya.

Sai ya kira matarsa ta kawo mana kunu. Ya ce tunda na tako da ƙafata, magana ta wuce. Za su karɓi mutanenmu Asabar ta ƙarshen watan nan a sa rana.

Na so in roƙi fasto ya ba ni dama lokacin sanarwa in janye maganata a gaban jama'a. Na aika wa Eli in ji ra'ayinsa. Ya ce kada in yi, ba ya so a mai da shi sanarwa. Don haka bi nake yi ɗaya bayan ɗaya. Na fara da wanda ya jinjina mini. Na gaya masa abin da na gani, ya ce to madalla, amma na ga bai ji daɗin wannan labarin kamar na farko ba. Wasu na san ba zan taɓa cim musu ba. Akwai waɗanda har mu mutu in an ambaci Eli za su ce, ba shi ne wanda ubansa ma ya ce ba?

Shekaranjiya ya zo gida. Ya kama haya a Karewa, ɗaki biyu da falo, inda za su zauna da Keturah. Ya zo ɗaukar teburinsa da littattafai. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa sai da muka kwantar da shi, ni ina riƙe da gefe ɗaya shi ɗaya. Ya ce in kula da bayana, in bari ya ɗauki wajen nauyin. Muka ɗora a keke muka ɗaure. Ya ci abinci a nan, ya tambayi maganin hawan jinina ko ina sha, ya gyara mini fankar falo da take ƙara.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yana da roƙo. Ranar sa rana yana so ƙanina Joel ya yi magana a madadin gidanmu. Ya ce ni in zo, in zauna a gaba inda uba yake zama, amma Baba Joel ne zai yi magana. Ya faɗa a hankali, ba da fushi ba, yana kallona wannan karon.

Kin san tun yana firamare nake tanadin abin da zan faɗa a wannan rana. Na ce to.

Na san in kin karanta za ki so ki kira shi ki roƙar mini. Ina roƙonki kada ki yi. In kin sa baki zai yarda saboda ke, ni kuma zan tashi in yi magana alhali na san ba ni ya zaɓa ba. Na riga na je wajen Joel na gaya masa duk abin da ya kamata ya sani a kan yaron, har da aikin, na sa ya maimaita mini sai da ya iya.

In ƙanwarki za ta karɓe ki jinya na 'yan kwanaki, ki zo tun ranar Alhamis. Ki taho mini da babbar rigata mai ruwan toka da na bari a can lokacin Kirsimeti. Ina so ki zauna kusa da ni.

Ki gai da Mama, ki ce jikanta zai yi aure. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Apollos